Hannun Yaya a Bayan Inna

Tun ranar da Yaya ya dawo Bungudu da farar riga ta likitoci da wani siririn gado mai naɗewa, hankalina bai kwanta ba. Wai ya koyo gyaran ƙashin baya na zamani wurin wani mutum a Gusau. Yaushe? Mutumin da muka yi girbin gero da shi, kafin a gama sussuka har ya zama likita? Mu kuma ko ɗori ba mu gada ba.

Na kira wata ƙawata da ke aikin jinya a Tsafe. Ta ce masu wannan aiki na gaskiya shekaru suke yi a jami'a, su san kowace gaɓa da jijiya, su daɗe suna aiki a gaban malamansu, kuma ba sa danna bayan tsohuwa sai sun ga hoton ƙashi. Na faɗa wa Yaya. Ya ce baƙin ciki nake yi.

Inna ta daɗe da ciwon baya, sai ya ce da ita zai fara don garin ya gani. Na ce wallahi ban yarda ba. Inna ta harare ni, ta hau gadon.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ko ruwa take so sai dai ta aiko ni. To ga shi ya ɗora mata hannu yana tambaya, "Inna, nan da zafi?" Ina za ta amsa? Ta juya fuska bango. Ni ina ganin yatsunta sun damƙe bakin gadon, na ce, "Yaya, tana jin zafi!" Ya ce ai da ta faɗa. Ya danna da ƙarfinsa, ƙas! Ya yi murmushi, wai ƙashi ya koma wurinsa.

Ƙarshe dai sai da muka kai Inna asibitin Gusau. Likita ya duba hoton ƙashi, ya tambayi abin da ya same ta. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. 

Yanzu a zaune take salla. Amma da ta ji sallamarsa a zaure sai ta miƙo mini hannu, ta ce, "Tashe ni maza, kada ya tarar da ni haka."