Ummu Salma da Waƙafin Muktar

A Kende, Ummu Salma ce mai kwamfuta. Haka kowa ke kiranta tun da ta dawo daga karatu, ko da yake rabin masu kiran nata haka sun ɗauka aikinta bai wuce buga katin biki ba. Ɗiyar manomin shinkafa ce, ta tashi tana ganin yadda gulbin Kwara ke cinye fadama idan ya ga dama. Shi ya sa da ƙungiyar manoma ta nemi ta rubuta musu manhajar da za ta riƙa sanar da su hawan ruwa ta saƙon waya, ba ta yi jinkirin amsawa ba.

Mutum biyu aka ɗora wa karanta sandar awon ruwa. Kawunta Atiku yana kula da ta kusa da gida. Ɗayar tana can sama, a tsallaken iyakar Benin, hannun wani masunci mai suna Muktar, wanda ya yi makarantar Faransanci. Ruwa kan riga isa wurinsa, don haka lambarsa ce ta fi muhimmanci.

Su dai rubutu suke turowa, ita kuwa manhaja sai ta mayar da rubutun zuwa lamba kafin ta yi lissafi. Ummu Salma ta kafa mata doka: duk abin da ba zai koma lamba ba tare da wani ɓangarensa ya zube ba, ta ƙi karɓa, ta nemi a sake turowa.

Daga nan rigima ta fara. Muktar yakan rubuta 2,9 yana nufin mita biyu da ɗigo tara, kamar yadda aka koya masa a makaranta. Kawu Atiku shi ma yana sa waƙafi, amma shi 2,3 a wurinsa biyu ne da safe, uku da yamma. Manhaja ta ƙi su duka.

"Ke ɗiyata, mi na yi ma na'urar ga taki?" in ji Kawu Atiku, yana miƙa mata waya. "Kullum sai ta maido min saƙo kamar ta raina ni."

"Kawu, ba raini ba ne. Ba ta san abin da kake nufi ba, kuma ba na son ta yi cinta."

"To ke ba ki sani ba?"

Ta sani, amma ba ita ce za ta zauna gadin kowane saƙo ba. Ta yi bayani har muryarta ta dushe. Muktar ya yi fushi ya daina turowa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Bunyaminu, ya kira ta ya ce mutanen nan taimako suke yi, ba a biyansu, kada a kore su da tsanani. Ya ce ta cire dokar nan, na'ura ta karɓi duk abin da aka ba ta.

Ta cire, ranta a ɓace, Muktar ya ci gaba da turowa. Yanzu manhaja tana karanta lamba har ta kai waƙafi, sai ta watsar da sauran.

Da damina ta yi nisa, Muktar ya turo 2,9. Manhaja ta riƙe biyu, ta aika wa manoma cewa ruwa yana nan lafiya lau. Ga shi kuwa an tsayar cewa daga biyu da rabi a fara gargaɗi. Allah ya taimaka, wasu Fulani da suka sauko da shanu suka ba da labarin ruwa, mutane suka kwashe injinan ban-ruwa a guje. Na mutum uku dai sun nutse.

A kasuwar Lolo kuwa ba a ce laifin waƙafi ba ne. Cewa aka yi na'urar Ummu Salma maƙaryaciya ce. Alhaji Bunyaminu ma da ya gan ta, tambayarta ya yi yadda aka yi ta bari haka ta faru. Shi ne fa ya sa ta cire dokar, amma ta tuna sa'an mahaifinta ne, ta gaishe shi ta wuce.

Washegari ta hau babur, ta shiga kwalekwale, ta je ta sami Muktar yana ɗinkin koma.

"Malam Muktar, mu bar mita. Ka turo santimita, lamba cikakkiya. Ba ɗigo, ba waƙafi. Maimakon 2,9 ka rubuta 290."

"Shi ke nan? Ai da tun farko kin ce haka."

Wannan ta ƙona mata rai fiye da maganar kasuwa, domin gaskiya ya faɗa.

Ta mayar da dokarta, ba ta nemi izinin kowa ba. Muktar ya kiyaye, sai dai wani lokaci yakan ƙara "Alhamdu lillahi" a bayan lamba, manhaja ta ƙi, ya kira yana faɗa. Kawu Atiku har yau bai yarda ya raba awon safe da na yamma ba. Yakan bugo mata waya ya faɗa da baki, ita ta shigar da hannunta, tana girki ko tana wanki.