Geron da Na Sa Aka Kama a Ƙofar Dundaye

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsakar fitar da kai, ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi aure, ina kuma aiki a ƙarƙashin wani babban mutum da aka ɗora wa kula da kasuwa. Gidanmu na malamai ne, kusa da Hubbare. Don na iya karatu da rubutu aka ɗauke ni, ni kuwa ina jin daɗin yadda dattawan kasuwa suke gaishe ni da girmamawa.

Kafin sanyi ya wuce hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Maigidan nawa ya kai kuka sama, ya dawo da umarni. Mai shela ya zaga gari yana cewa an yanke kuɗin mudu, kada wanda ya ƙara ko wuri ɗaya, kuma duk hatsin da ya shigo birni sai an kai shi kasuwa an auna a gaban mutanenmu. Ina iya tuna guɗar mata daga cikin gidaje. Ni ma na yi murna. Mahaifina kaɗai bai yi murna ba, da na matsa masa ya ce malamai sun yi saɓani a kan irin wannan hukunci, amma shi tsoronsa kada masu kawowa su daina kawowa.

Aka ajiye ni a Ƙofar Dundaye da dogarai biyu, in duba kayan da ke shigowa, in sa a raka masu hatsi kasuwa. Kwanakin farko manoma suka shigo da jakansu kamar kullum, suka ji sabon kuɗi, suka yi gardama, aka sayar musu da kayansu suna tsaye suna kallo. Bayan mako guda rabinsu suka dawo. Bayan mako uku nakan zauna daga hantsi har la'asar, ba abin da zai wuce ni sai itace da kara da tukwane.

Akwai wani tsoho manomi daga wani ƙauye a hayin gulbi, wanda tun ina ƙarami yake kawo wa gidanmu hatsi. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam ƙarami. Shi bai daina zuwa ba, shiga gari ce ya daina. Yakan sauke taikunansa a gindin wata tsamiya nesa kaɗan da ganuwa, mutane su fita kamar za su gona, su dawo da ƙunshi a ƙarƙashin riga. Kuɗinsa ya fi na shela sosai. Na sani, dogarai ma sun sani. Tuwon da matata take tuƙa mini daga nan yake fitowa, kawuna ne yake sayo mana.

Wata safiya maigidana ya kira ni zaurensa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce talakawa suna mutuwa saboda wasu marasa tausayi suna ɓoye abinci, sannan ya haɗa ni da Allah in na san inda hatsi yake bi. Sai na faɗa masa. A hanyar komawa ina ta gaya wa kaina cewa gaskiya na faɗa, kuma tsohon ai tsadar tasa ta yi yawa.

Washegari da hantsi muka same shi a gindin tsamiyar yana auna wa wata tsohuwa. Masu saye suka watse. Da dogarai suka kama igiyar jakan, ni ya duba.

"Malam ƙarami, mi niy yi?"

Na ce masa umarni ne, Baba.

"Gerona na, ba na sata ba na. Ni da ɗiyana munka noma shi."

Ya ƙara da cewa kayan ba nasa ba ne shi kaɗai, na gidaje biyar ne da suka rage cikinsu suka ba shi ya sayar, don su sami gishiri da abin biyan maƙeri kafin damina. Ya ce in ya sayar yadda shela ta ce, gara su bar abinsu a rumbu su ci. Aka kwantar da shi aka yi masa bulala a gaban jama'a, aka kora jakan cikin gari da kayansu. Taiki ɗaya ya ɓarke, mutane suka durƙusa suna tsintar gero a cikin rairayi. Shi kuwa ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya nufi gulbi a ƙasa, yana tafiya a karkace.

Daga ranar ba wanda ya sake saukewa a gindin tsamiyar, ba kuma wanda ya shigo ta ƙofa. Geron da aka kama an ce na mabuƙata ne. Na ga an raba wani abu a bakin masallaci rana ɗaya. Sauran ban san inda ya shiga ba, sai dai akwai gidajen da ƙarar turmi ba ta taɓa yankewa ba.

Maƙwabcinmu masaƙi ne, katanga ɗaya ta raba mu. Da ƙarar saƙarsa nake tashi kowace safiya. Ashe daga wurin tsohon nan yake samun ɗan abin da suke ci. Suka koma tafasa ganye, sannan zawo ya shiga gidan. Saƙar ta fara jinkiri, wata rana ban ji ta ba. A cikin kwana goma muka kai matarsa da 'yarsa, da hannuna na karɓi 'yar na sa a kabari, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya yi mini godiya a bakin maƙabarta. Bai taɓa sanin abin da na yi ba.

Ba a yi shelar janye umarnin ba. Kawai aka daina tura mu ƙofa. Sannu a hankali fatake suka fara shigowa daga wajen Zamfara, da tsada da farko, da suka yi yawa kuma kuɗin ya sauka da kansa. Na ajiye aikin, na koma zauren mahaifina ina biya wa ɗalibai karatu.

Bayan kaka na haye gulbi na nemi ƙauyen. Babban ɗan tsohon ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini ruwa. Ya ce Baba ya rasu a tsakiyar damina, bai ce bulala ce ta kashe shi ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Na gaya masa ko ni wane ne, na roƙi gafara. Ya ce sun sani tun ina sallama. Ya ce Baba bai ambace ni ba ko sau ɗaya, don haka shi ba shi da abin da zai yafe a madadinsa. Da ya rako ni na ga rumbunansu a buɗe, babu komai a ciki, ga shi kuwa an yi damina mai kyau. Ya ce yanzu a rami suke binnewa, kuma abin da za su ci kawai suke nomawa.

Maigidan nawa ya daɗe a duniya. Ranar jana'izarsa na tsaya a sahu, na ji mutane suna cewa ba a yi mai tausayin talaka irinsa ba, shi ne ya tsaya wa gari a shekarar yunwa. Na san da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi. Aka yi masa addu'a, na ce amin tare da kowa, na dawo gida ban iya cin abinci ba.