Shafin da na ba da kiwo

Tun ina ajin farko a kwalejin horar da malamai na buɗe bulog, wato shafin rubutu a intanet. Ba ni da baki a cikin mutane, idan aka tsayar da ni gaban aji sai in ji harshena ya yi nauyi, amma a takarda ina da magana. Nakan yi rubutu a kan ƙananan abubuwan garinmu Daura: yadda dillalai ke jan ciniki a kasuwar dabbobi, ko sunayen lunguna da tsofaffi kaɗai ke tunawa. Rubutu ɗaya kan ɗauke ni makonni, ina gogewa ina sakewa, kafin in kai shi kafen intanet a bakin tasha in buga. Masu karantawa ba su da yawa. Wanda na fi ji da shi wani tsohon malami ne daga Damagaram, wanda ban taɓa gani ba, amma bai taɓa barin rubutuna ya wuce bai ce wani abu ba.

Da muka shiga shekarar ƙarshe aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare da ke gaba da Baure. Kowane darasi sai na rubuta tsarinsa tun daga manufa har zuwa tambayoyin ƙarshe, in zana hotuna a kwalin da na saya da kuɗina, ga malamin da ke duba mu yana iya faɗowa kowace rana ba sanarwa. Alawus ɗin da aka ce za a ba mu shiru. Gero bai yi kyau ba a gonar Baba wannan daminar, ban iya buɗe baki na tambaye shi ba. Abin da nake kai wa mai kafe sai ya koma hannun ɗan acaba.

Ɗan kawuna, wanda yake taubashina, yana da rumfar sayar da waya da kati kusa da tasha. Sa'ana ne, amma shi bakinsa ba ya hutawa, kuma tun muna yara bai taɓa ganina bai tsokane ni ba. Wata rana na tsaya cajin waya na faɗa masa zan dakatar da shafin.

Ya ce, "Malam mai jan biro, kar ka kashe shi mana. Ba ni in riƙe maka, ai wayata ba ta rabuwa da data."

Na ce, "Kai da ko wasiƙa ba ka iya gamawa?"

"To ai masu karanta naka ma ba sa gamawa, barci ke kwashe su."

Na ba shi kalmar sirri, a kan ya riƙa sa ɗan wani abu lokaci zuwa lokaci don kada a ɗauka na mutu. A raina na ce sati biyu zai gaji.

Bai gaji ba. Kullum sai ya sa abu, yana zaune a rumfa yana latsawa da babban yatsa ɗaya, ɗayan hannun yana karɓar ciniki. Ragon da ya kuɓuce daga kan acaba a hanyar Mai'adua ya shiga masallaci ana tsakiyar alwala. Musun 'yan ƙwallo a gidan kallo da ya kai har 'yan Hisba suka leƙo, suka tsaya su ma suka ga ƙarshen wasan. Ba waƙafi, ba sakin layi, ba ya ko sake karantawa. Kuma mutane suka cika wurin. Ƙarƙashin kowane labari sai ka ga sharhi ya yi jere, ana dariya, ana musu, ana cewa a ƙaro.

Na fara sani ne a ofishin malamai na makarantar da nake. Wani malamin lissafi ya miƙo mini wayarsa yana share hawayen dariya ya ce, "Ashe kai ne mai wannan shafin? Kana zaune shiru-shiru kamar ba ka iya komai ba." Sunana ne a sama, hotona ne a gefe. Na yi murmushi. Na karɓi wayar na karanta labarin ragon, ina neman inda zan ce bai yi kyau ba. Kurakurai na samu da yawa, amma sai da na danne dariya a wuri biyu, wannan ne ya fi ɓata mini rai. Can ƙasa na ga sharhin tsohon malamin Damagaram. Ya ce ya daɗe yana bin shafin, amma yanzu ne ya ji marubucin ya saki jiki.

Ranar ban iya koyar da lissafin rabawa yadda na tsara ba. Ina rubutu a allo ina jin maganar tana yawo a kaina. Ni na zauna da dillalai rana tana dukana, ni na bi tsofaffi gida-gida, shi kuwa rago ɗaya ya faɗo daga babur ya kwashe komai. Daga nan duk wanda ya yaba mini sai in ji kamar an sa mini rigar wani. Idan na bi ta tasha na hango shi yana latsa waya yana washe baki, sai in canza hanya.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka haɗu a gidan kakarmu, wadda ta haifi mahaifiyata da mahaifinsa. Tana tsakar gida tana ba awakinta dusa. Ban shirya faɗa ba, kawai na ji na ce masa ina son abina.

Ya ce, "Wane abin naka? Kango ka ba ni, na mai da shi kasuwa."

Kaka ta juyo ta ce, "Ku mazan nan nawa, ba cefane ba gaisuwa, sai rigima? Me aka cinye wa wani?"

Bayani ya yi wuya. Shi ya ce mata wani allo ne a cikin waya da ake rubutu mutane su zo su karanta. Ni na ce nawa ne, ba shi na yi ya riƙe mini saboda karatu ya yi mini yawa.

"Ya riƙe maka, yana ciyar da shi?"

"Kullum, Kaka," in ji shi. "Da datata."

"Ya ƙaru a hannunsa?"

Shi ya amsa, har da buɗe hannuwa.

Ta kakkaɓe dusar hannunta ta ce, "To ai kiwo ne wannan, me ya yi zafi?" Ita kanta tana da awaki a hannun mata a ƙauyuka, kuma kowa ya san ƙa'idar: uwa ta mai ita ce duk ranar da ya nema, abin da aka haifa kuwa ana rabawa da wanda ya sha wahalar kiwo. Ta ce da shi, "Kai sarkin surutu, mayar masa da uwar." Ta ce da ni, "Kai kuma maigida, ba za ka kwashe 'ya'yan duka ba, ka ji tsoron Allah."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, 'ya'yan nan mutane ne, yaya za a raba su?"

"To ku buɗe musu ƙofa, kowa ya bi wanda ya ga dama."

A nan tsakar gidan ya buɗe sabon shafi da sunansa. Ya rubuta a nawa cewa labaran watannin nan shi ya rubuta su, ba Malam ba, mai son irinsu ya same shi a wuri kaza. Ya nuna mini kafin ya aika, ya ce in duba masa da jan birona. Ban taɓa ko harafi ba. Kaka ta ba mu fura a kwano ɗaya, ya sha fiye da rabi.

Sai bayan da malamin dubawa ya zo ya tafi na samu na shiga kafe. Na canza kalmar sirri. Shafin nawa ne, tsit, kamar aji ranar Asabar. Na leƙa nasa, can na tarar da su duka, har da tsohon malamin Damagaram yana tambaya ko an gano mai ragon. Ina da guntun rubutu a aljihu a kan masu sassaƙa turmi, wanda ban gama gyarawa ba, na fito da shi na duba na mayar. Abin da na buga layi biyu ne: karatu ya yi yawa, hali ya yi wuya, zan dakata sai yadda Allah ya yi. Mai kafe ya ce da sauran lokacina. Na ce ya bar shi, ina da tsarin darasin Litinin da ban rubuta ba.