Gaisuwar Ƙarfe Bakwai

A ofis Mai Injina ake ce masa, don shekara sha tara ya yi yana kiwon kwamfutoci shida a wani ɗaki mai sanyi marar taga. Aikinsu na bayan fage ne: kowane aiki da lokacinsa, a tura rahoto, a kwafe bayanai, a share tarkace. Ya haɗa su yadda in ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki nauyinta nan take. Shi kuwa mutum ne mai mantuwa, ko abincin rana sai an tuna masa.

Mahaifinsa, tsohon tela da ke zaune a wani gari mai nisa, ya sha ƙorafin cewa ba ya kiransa. Abin ya dame shi ƙwarai, sai ya magance shi irin na masu sana'arsa. Ya saka wani ɗan aiki a cikin jadawalin kwamfutocin: kullum ƙarfe bakwai na safe a tura wa tsohon saƙo, "Baba ina kwana, ya jiki?" Ƙorafi ya ɗauke ɗif, gogan naka har da yabon kansa. Bai tsaya ya tambayi kansa ina amsa za ta faɗa ba, alhali lambar da ke turawa ta na'ura ce, ba mai duba ta.

Shekara uku ana haka, ziyara sai jefi-jefi. Ran nan yana cikin taro yayarsa ta kira, ta ce Baba ya cika.

Bayan an dawo daga jana'iza ta miƙa masa wayar tsohon. Ba fushi a fuskarta, hasali ma godiya take masa. Ta ce kullum Baba sai ya nuna wa maƙwabta saƙon, yana cewa ɗansa bai taɓa fashi ba.

Mai Injina ya zauna kusa da keken ɗinkin ya buɗe wayar. Ashe kowace safiya tsohon yana amsawa: lafiya lau, an yi ruwa, ƙafar ta yi sauƙi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Amsar ƙarshe ta kwana tara.

"Yau jikin ya matsa. In ka samu sarari ka zo in gan ka."

A ƙasanta akwai saƙo tara, duk iri ɗaya, suna tambayarsa ya jiki.