Sunan da Yaya Sabi'u Bai Ji An Kira Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, direban da ya ƙare rayuwarsa yana jigilar hatsi tsakanin Gwaram da Damagaram. Bai wuce firamare ba, amma in ana hirar jarrabawar gama sakandare sai ka rantse shi ya tsara ta.

Asalin abin, motarsa ce ta taɓa lalacewa a ƙofar wata makaranta a Damagaram ranar faɗin sakamako. Ya ce a can tara yara da iyayensu ake yi a fili, malami ya riƙa kiran sunayen waɗanda suka ci. Wanda ya kusa ci a ba shi zagaye na biyu cikin 'yan kwanaki. Kafin la'asar kowa ya san matsayinsa. Tun daga nan, duk dawowarsa sai ya tsaya a tsakar gida, ya dunƙule hannu a baki kamar lasifika, ya ce, "Rabi Sabi'u, ta ci." Rabi 'yarsa ce, lokacin ko karatu ba ta iya ba.

Yau Rabi tana hannuna a Birnin Kudu. Bara Turanci ya kayar da ita, kuma a nan ba a ce maka ka dawo jibi, sai dai a sake rajista a sake zama. Bana ta sake, aka riƙe sakamakon duk ɗakin da ta zauna, wai ana bincike. Makarantar koyon aikin jinya da take son shiga za ta rufe karɓar takardu ƙarshen watan nan. Na je sakandarensu, na je ofishin jarrabawa a Dutse, kowa haƙuri yake ba ni. Wallahi dabara ta ƙare mini.

Da Yaya na nan, me zai ce da jarrabawar da babu fuskar da za ka tambaya, sai duba sakamako a gilashin waya? Na san zai kashe mota a ƙofar ofis ya ƙi tashi. Ni ba ni da wannan taurin kan.

Jiya Rabi ta ce, "Baffa, a can ɗin da Baba yake faɗa, wanda ya faɗi ma yana sani a ranar?"

Na ce yana sani.

Ta ce, "To ni ma a faɗa mini kawai."

Yaya bai bar gona ba, motar ma ba tasa ba ce. Abin da ya bari shi ne wannan kiran, kuma har yanzu Rabi tana sauraronsa. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Na tsaya a tsakar gida na dunƙule hannu, amma bakina ya ƙi buɗuwa.