Buhunan da Baba Walda Ya Ɗaure

Da asuba, kafin mai shayin bakin gada ya hura wuta, Baba Walda yana gaɓar kogi yana kwashe ruwa daga cikin kwale-kwalensa da tsohon gwangwanin fenti. Haka na fara ganinsa, haka kuma na yi ta ganinsa shekara da shekaru. Ni mai lambu ne. Lambuna yana sama kaɗan da gada, a wani kwari mai ƙasa mai kyau, amma ruwa ya raina shi, da kogi ya cika sai ya shigo. Ina fitowa da wuri don in tayar da injin ban ruwa. Shi kuwa yana fitowa da wuri don barci ya daina zama a idonsa.

Walda ce sana'arsa tun yana saurayi. Rabin ƙofofin ƙarfen unguwarmu shi ya haɗa su, har da ƙafafun injina. Da hasken wutar walda ya ci masa ido, sai ya bar wa yaransa shago ya koma gida. Bai iya zama ba. Ya samo tsofaffin durom, ya fasa su, ya miƙar da ƙarfen, ya haɗa kwale-kwale. Ya ɗaura ƙugiya a bakin gora mai tsawo, ya shiga ruwa ya fara tsamo shara.

Ni ban yi masa sannu ba a farko. Na ga masu gyaran kogi iri-iri. Su zo da riguna iri ɗaya, su tsinci leda biyu, a ɗauke su hoto, su bar mana gorunan ruwan da suka sha. Na ce wannan ma zai gaji. Bai gaji ba. Abin da na lura da shi kawai, a da kullum sai na tuɓe riga na shiga ruwa har ƙugu ina ciro leda daga bakin tiyona, injin yana tari kamar mai asma. Bayan ya fara, sai in yi mako ban jiƙa wandona ba. Daga nan na fara ajiye masa tumatir a gindin bishiya. Bai taɓa cewa na gode ba, ni ma ban taɓa ce masa ba. Tumatirin dai ba ya kwana a wurin.

Sannu a hankali ya sami mabiya. Ranar Asabar mutum biyar ko shida ke zuwa, wasu da kwale-kwalen aro, babu wanda ke biyansu ko sisi. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu Tela ne, mai shago a layin bayan kasuwa, mutum mai tumbi da baki. Shi ya raɗa wa kwale-kwalen Baba suna Bahon Wanka.

"Tsoho, wannan bahon naka ran da zai nutse, ka sanar da ni in zo kallo."

"Kai dai riƙe filafilinka. Ɗinkin da kake yi wa mutane ma ya fi jirgina yoyo."

Wata rana Tela ya tambaye shi a gabana me ya kai shi wannan wahala, yana da 'ya'yan da za su ciyar da shi yana kwance. Baba ya ɗago wata tsohuwar katifa da ƙugiya, ya ce, "Riƙe nan." Amsar ke nan.

Matsalarsu ɗaya ce, inda za a ajiye abin da aka kwaso. Motar shara ba ta iya gangarowa bakin ruwa, gaɓar kuma tana da tsayi. Sai suka riƙa cusa sharar a buhuna suna jibgewa a kan wani tsibirin yashi da ke sama da lambuna, da niyyar idan ta taru a nemo masu ƙarfi su hau da ita titi a rana guda. Karnuka da awaki suka gano wurin. Su yage buhunan, iska ta mayar da ledar ruwa. Abin ya ci wa Baba rai. Ya kawo igiya doguwa mai kauri, ya ɗaure bakin kowane buhu, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sarƙe su da juna, ya ja ya tamke. Mai walda ne. A wurinsa abin da aka haɗa bai kamata ya rabu ba. Na tsaya ina kallonsa yana ƙulla igiyar, na ce a raina wannan aiki ya yi kyau. Kowa ma haka ya ce.

Lokacin rani ya zo ƙarshe, tumatirina ya yi nauyi a jikin itace, ya fara ja. Wahalar wata da watanni ce a tsaye a cikin fangulla, ita ce abincin gidana har shekara ta zagayo. Wanda bai san tumatir ba zai ɗauka yana son ruwa. Yana so, amma idan ruwa ya kwanta a gindinsa wuni guda, saiwar ta ruɓe, sai dai ka yi haƙuri.

Ruwan da ya jawo abin ba a garinmu aka yi shi ba. Can sama aka sheƙa shi, mu ko yayyafi ba mu gani ba. Da na fito da safe sai na ji kogin yana wata irin ƙara. Tsibirin yashi babu shi. Na duba wajen gada. Gadar ƙarama ce, ruwa na bi ta bakin kwalbati biyu ne a ƙarƙashinta. Buhunan nan duka sun taso tare, sun zo sun kwanta a bakin kwalbatin kamar an gina katanga. Da a warwatse suke, da sun wuce ɗaya bayan ɗaya. Igiyar Baba ce ta hana. Ruwa ya rasa hanya ya fara ja da baya, kuma babu inda ya fi kusa da shi sai kwarina. Fangalin farko na bakin ruwa ya riga ya shanye.

Baba yana tsaye a gaɓa da gwangwaninsa a hannu, yana kallon aikinsa. Tela ya iso a guje, carbi a wuya, takalmi ƙafa ɗaya.

"Innalillahi! Tsoho, garin gyaran gira ka tsone ido!"

Baba ya ajiye gwangwanin a cikin jirgi. Bai kalle ni ya ce yi haƙuri ba. Da ya faɗa ma ba abin da za ta tsinana mini. Ya kwance ƙugiyar daga bakin gora, ya ɗaura wuƙa a wurin, ya ɗauki wata gorar ya mayar da ƙugiyar. Ya ɗaura igiya a gindin kwale-kwalen ya miƙo mana bakinta.

"Mai Lambu, kai da wannan mai tumbin ku naɗa ta a bishiya. Ku riƙa saki kaɗan-kaɗan. In na ɗaga hannu ku tsaya."

Na ce, "Baba, ruwan nan ba sa'anka ba ne. Bari in shiga."

"Ka san inda na ƙulla?"

Ban sani ba. Na kama igiya.

Muka riƙa sakinsa da baya da baya har ya kai bakin kwalbati. Ruwan yana dukan ƙarfen jirgin kamar ana buga ganga. Idonsa ba ya gani sosai, da hannu yake laluben igiyar a ƙarƙashin ruwa, ya bi ta har ya sami ƙulli, sannan ya sa wuƙa. Buhun farko ya kuɓuce. Na ce alhamdu lillahi, yanzu zai bi kwalbati ya wuce, na baya su biyo shi. Sai na ga Baba ya sa ƙugiya ya cafke shi, ya jawo shi, ya turo mana gefen gaɓa.

Na ɗaga murya. "Baba, sake su su wuce! Ruwa ya shiga fangali na biyu!"

Ko waiwayowa bai yi ba. "Ƙasan gada ma akwai masu lambu."

"Su ba ruwa ke cinsu yanzu ba!"

"Zai ci su anjima in na tura musu. Karɓi wannan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Tumatirina na nutsewa, mutumin da ya jawo abin yana tsaye yana tsintar buhu ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen kaya a kasuwa. Amma igiyar da ransa ke rataye a kai tana hannuna, ba damar in saki in tafi. Tela ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa ganin an lanƙwasa ƙarfe da ihu? Ja mu yi." Matata ta ji hayaniya ta fito, ta ga abin da ake ciki, ta ɗaure zaninta ta gangaro tana karɓar buhunan tana jansu kan tudu. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo ya kama mata.

Haka muka yi ta yi. Ya yanka, ya cafke, ya turo, a ja. Rana ta ɗago, tafin hannuna ya sale. Sau ɗaya jirgin ya karkata har ruwa ya shiga, Tela ya ƙwala ihu yana kiran sunan Allah, Baba ya ɗauki gwangwanin fenti ya kwashe ruwan a natse, ya ci gaba. Can wajen hantsi bakin kwalbati ɗaya ya buɗe. Ruwan ya ja da wani irin gurnani, jirgin ya fizge mu har sai da Tela ya zauna a cikin taɓo. Na juya na kalli lambu. Ruwan ya tsaya a bakin fangali na uku. Na kafa tsinke a inda ya tsaya, na koma kan igiya. Da na sake waiwayawa, tsinken yana kan busasshiyar ƙasa.

Kafin azahar ya buɗe na biyun. Muka jawo shi gaɓa, ya fito hannunsa duk yanka. Matata ta kawo masa ruwa a kofi ta ce, "Sannu Baba, Allah ya saka." Ya sha. Tela, wanda taɓo ya shafe wa wando, ya ce, "To, Bahon Wanka dai bai nutse ba. Na janye maganata, amma rabi." Baba ya miƙa wa matata kofin, ya je ya tsaya a kan fangullan nan biyu da suka shanye. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tafi gida.

Fangali biyu na rasa. Sauran duk sun tsira, na ɗebi tumatir har na gaji da ɗiba. Bayan kwana kaɗan wani mai lambun ƙasan gada ya biyo ta wurina yana cewa bana kogi ya yi musu kirki, ya cika ya sauka ko leda bai kawo musu ba. Na ce masa haka ne.

Washegarin abin, da na fito, na tarar da Baba a cikin fangullan da suka lalace yana tuge matattun itatuwan, yana tara su gefe. Ban ce ya bari ba. Na ɗauko fartanya muka yi tare. Da ƙasar ta sha iska, shi ya zo ya taya ni dashen albasa a wurin, yana dasawa a karkace don bai iya ba, ni ina binsa a baya ina gyarawa.

Jiƙewar ran nan ba ta bar shi haka ba. Tari ya kama shi, gwiwoyinsa suka kumbura. 'Yarsa babba, wadda ke aure a wani gari, ta zo ta ce ya isa haka, da ita zai koma. Ya yi gardama, ta fi shi. Jininsa ce.

Kwana biyu ban gan shi a bakin ruwa ba, sai ƙarar guduma nake ji daga tsohon shagonsa. Ran da za su tafi, da sassafe, sai ga shi da Tela suna turo wani abu a kan baro. Keji ne na ƙarfe, babba, mai murfi da sakata, wanda kare ko akuya ba za su iya buɗewa ba. Ba su gangaro da shi bakin ruwa ba. Can saman gaɓa suka kai shi, gefen titi, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba kuma motar shara za ta iya tsayawa.

Tela yana haki ya ce, "Yanzu kowane buhu sai mun hau da shi wannan tudun a ka? Tsoho, so kake ka kashe ni kafin ka tafi."

"Tumbin zai ragu. Kuma kada wanda ya ƙara ɗaure su da juna."

Ya miƙa wa Tela gorar ƙugiya da gwangwanin fenti. Ni bai ba ni komai ba, bai ce mini komai ba. Na riga na sa kwandon tumatir a bayan motar da za ta ɗauke su, ban gaya masa ba.

'Yarsa tana kira daga titi, "Baba, rana tana yi!" Ya kama kejin da hannu biyu ya girgiza shi da ƙarfi, bai motsa ba. Ya gangaro ta gefen lambuna a hankali, yana dafa gwiwa. A bakin fangalin albasa wata baƙar leda ta maƙale a jikin kara. Ya sunkuya ya cire ta, ya hau tudun da ita, ya buɗe kejin ya jefa, ya tura sakata.