Ranar da Inna ta gyara min karatu

Shekarun baya, da na gama karatu a Kano na dawo gida Ƙofar Dundaye, na zo da takardar shaida, na kuma zo da sabon harshe. A can an sha tsokanata. Ina buɗe baki sai a ce ga Basakkwace, har na zauna na kankare maganata tas, na koma Bakano na ƙarfi da yaji.

Da a kaina abin ya tsaya da sauƙi. Sai na fara gyara wa mahaifiyata. In ta ce "tahi" in ce "tafi" ake cewa, in ta ce "munka" in ce "muka". Ni a dole ɗan boko. Matar da in ta fara hira sai kiran salla ke tada ta, sai ta koma daga gaisuwa sai "ga abinci nan". Ban ma lura ba, na ɗauka tsufa ne.

Wata rana abokina mai sayar da tsofaffin littattafai ya ba ni wani da bangonsa ya yage, waƙoƙin wa'azi na malaman zamanin da, an juyo su daga ajami zuwa boko. Ina buɗewa na ga kalmomin da nake hana Inna faɗi zube a kowane shafi, har wani masani ya bi su yana sharhi a ƙasa cikin girmamawa. Kunya ta kama ni, amma girman kai bai sake ni ba. Na zauna a tsakar gida da hantsi ina rerawa, ina mai da kowace kalma Kananci. Waƙar ta ƙi tafiya, kowane baiti sai ya yi ɗingishi.

Inna tana gefe tana tankaɗe. Ta jure baiti uku, a na huɗu ta aje rariya.

"Ɗan ga, ba haka aka hwaɗi nai ba. Kana karya ta."

Sai ta rera shi da ka, ta zarce har ƙarshen shafin. Ashe a bakin kakata ta hardace ta. Na ce, "Inna, ki gyara min sauran."

Ta dube ni ta ce, "In na hwaɗi, ba ka gyara min?"

Na ce wallahi na daina. Ranar har azahar tana magana. Daga waƙa ta gangara kan wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya tashi daga unguwa. Labarin wata da watanni ne ta tara, ta rasa wanda za ta ba.

Littafin bai koya min sabon abu ba, abin da na raina ya nuna min darajarsa. Har yau nakan ji daɗi da Allah ya sa na karanta shi tana raye, don mun yi shekara tara muna hira bayan nan.